Tan 60 a kan faifan zamiya: yadda muka shigar da taransifoma ta ƙofar da ta bar mana santimita 12

Daga daɓe zuwa linta, ƙofar ɗakin mita 3.90 ce. Ita kuwa taransifomar, bayan an zuƙe mata mai, an kwance lagiretocinta da ƙahonnin tangaran da ke samanta, tsayinta mita 3.78, nauyinta tan 60. Ragowar santimita 12 ke nan, kuma duk abin da za mu sa a ƙarƙashinta sai ya samu wuri a cikin wannan ɗan sararin. Ƙugiya, wato motar ɗaga kaya, ta riga ta gama nata aikin, ta sauke kayan a kan katakai a bakin ƙofa, don ba ta da hanyar zura hannu cikin ɗaki mai rufi. Abin da ya rage mana tafiyar mita 14 ce zuwa ciki, sannan mita 3 a kaikaice zuwa kan mazaunin da aka zuba mata.

Rola ce ta fara zuwa bakin mutane, kamar kullum. Mun ƙi ta saboda dalilai biyu. Na farko tsayi, don rolar da za ta ɗauki irin wannan nauyin ita kaɗai ta cinye santimita 12 ɗin har ta nemi ƙari. Na biyu, kuma shi ya fi damuna, rola ba ta da birki. Kaya a kan rola mai kyau yana motsawa da ƙarfin da bai wuce kashi 2 ko 3 cikin ɗari na nauyinsa ba. Ma'anar haka, idan daɓe ya karkata da santimita 3 a kowace mita, kayan zai kama hanya da kansa, kuma babu mutum goma da za su tare tan 60 da ƙirji. Faifan zamiya ba haka yake ba. Yana da santsin da zai bar kaya ya tafi idan an tura, yana kuma da turjiyar da za ta tsayar da shi cak da zarar an saki hannun famfon mai da ke tura kayan. Wannan turjiyar, wadda sabon shiga ke ɗauka cikas ce, ita ce birkin aikin gaba ɗaya.

Kayan aikin kashi huɗu ne. Akwai layin ƙarfe mai faɗi, marar tudu, guntu-guntu, kowane guntu kimanin mita 2, mutum biyu suna iya ɗauka. A cikin kwarin layin ake jera faifan zamiya, kowanne farantin ƙarfe ne da aka lulluɓe fuskarsa da Teflon, farar robar nan mai sulɓi da Roy Plunkett ya gano a 1938 a kamfanin DuPont. A kan faifan ne takalmi yake zama, wato ƙarfen da ke ɗauke da kayan, wanda aka shafe ƙasansa da gogaggen ƙarfe marar tsatsa. Na huɗu silinda ce ta haidirolik a bayan takalmin baya na kowane layi, tana da haƙorin da ke kama ramukan gefen layi: ta miƙe ta tura, ta tsuke ta jawo gindinta gaba, haƙorin ya faɗa rami na gaba. Layi da faifai da takalmi a haɗe, namu santimita 5 ne. Ka lura da tsarin, ƙarfen mai sheƙi yana sama yana kallon ƙasa, Teflon yana ƙasa. Haka ake yi ko a mazaunin gadoji, saboda ƙura ba ta kwanciya a fuskar da ke kife.

Ba kowane faifai ne Teflon ba. Akwai na farar roba mai tauri da ake rubuta wa UHMW, ta fi jure yashi da duka, amma turjiyarta ta fi yawa, tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na nauyin kaya. Akwai kuma tsarin ƙarfe a kan ƙarfe da ake shafa wa girafayit, baƙin abin nan da ke cikin fensir, shi ma yana kai kashi 15 zuwa 20. Teflon a kan ƙarfe marar tsatsa, idan duka biyun suna da tsabta, kashi 5 zuwa 10 ne. Inda daɓe ke da gangara, ko filin ke da yashi da iska, ni na fi son mai turjiya, ko da zai ci ƙarfin famfo. Mu cikin gini muke, daɓen a miƙe, shi ya sa muka ɗauki Teflon.

Kwana guda cur muka yi a kan daɓe kafin a taɓa jak, kuma a nan aikin yake. Siririn layi yana da aibi ɗaya babba: ba shi da ƙashin baya. Dogon ƙarfe mai tudu yana iya tsallake rami ya riƙe nauyi da kansa, amma wanda kaurinsa bai wuce 'yan santimita ba duk abin da aka ɗora masa kai tsaye yake miƙa wa abin da ke ƙasansa. In akwai kwari sai ya lanƙwashe ya bi kwarin, in akwai tudu sai tudun ya ɗauki nauyin duka. Don haka muka ja layuka biyu da alli inda ƙarafan za su kwanta, muka auna lebur a kowace mita, muka rubuta adadin a ƙasa kusa da wurin. Mun sami kwari na milimita 7 a mita ta shida, da ɗan tudu na milimita 5 daidai bakin ƙofa, inda tsohon kankare ya haɗu da sabo. Tudun muka goge da injin guga, don a nan ne ba mu da sarari a sama, kuma kaya mai tsawo idan gabansa ya hau tudu, ƙuryar samansa ce ke fara neman linta. Kwarin kuma muka cike da siminti mai saurin kamawa. Ƙananan gurabe muka bi da siraran ƙarafan ciko na milimita 1, 2, 3 da 5. Kada a yi ciko da kwali ko katako mai taushi. Lebur zai nuna daidai lokacin da babu nauyi, amma da takalmi ya hau sai su lotse.

Sai lissafin nauyi, wanda ba ya tafiya yadda ido ke zato. Tan 60 a kan takalma huɗu ba tan 15 kowanne ba ne. Zanen masana'anta ya nuna cibiyar nauyin ba ta tsakiya. Tsakanin takalman gaba da na baya mita 4 ne, cibiyar kuma tana mita 1.6 daga ɓangare ɗaya. Wannan ɓangaren zai ɗauki tan 36, ɗayan tan 24, wato takalma biyu tan 18 kowanne, biyu tan 12 kowanne. Haka abin yake idan duka huɗun suna taka ƙasa daidai. Gindin taransifoma kuwa a sandare yake, ba ya lanƙwasa ya bi daɓe. Idan takalmi ɗaya na ɓangaren marar nauyi ya shiga kwari ya daina ɗauka, ɗan'uwansa zai koma tan 24, na kusurwar da ke kallon ɗan'uwan a gicciye a ɓangaren nauyi ya hau tan 30, na huɗun ya sauko tan 6. Kamar tebur mai ƙafa huɗu a ƙasa marar daidai, sai dai wannan ba ka ganin yana rawa. Saboda haka da tan 30 muka yi lissafin kowane takalmi da kowane taku na daɓen.

Takalmin mita 1 ne a tsawo, layin santimita 40 a faɗi. Tan 30 a kan wannan fili ya kama tan 75 a kowace murabba'in mita. Injiniyan ginin ya duba kaurin kankaren da abin da ke ƙasansa, ya ce a shimfiɗa farantan ƙarfe masu kaurin santimita 2 a ƙarƙashin layin don su baza nauyin. Muka shimfiɗa su yadda mahaɗar faranti ba za ta faɗo daidai mahaɗar layi ba. Akwai kuma kwatar wayoyi mai faɗin santimita 60 da ta ratsa hanyar a mita ta goma. Murfinta na taka ƙafa ne kawai. Muka cire shi, muka jera katako mai tauri tun daga gindin kwatar har ya zo daidai da daɓe, muka matse shi da weji, sannan faranti ya hau. Gefen kwata shi ne wuri mafi rauni a kowane daɓe, yana ɓarewa ba tare da gargaɗi ba, don haka farantin ya wuce kowane gefe da rabin mita.

Tsakanin takalmi da gindin taransifoma muka sa katakon filawud mai milimita 12. Mutane suna mantawa da wannan, alhali dalilinsa a fili yake: dole saman takalmi ya fi ƙasansa riƙo. Fentin gindin taransifoma da ɗan mai ya taɓa yana iya zamewa a kan ƙarfe, sai takalmi ya fita daga ƙarƙashin kaya ya bar shi a baya. Katakon yana cizon ɓangarorin biyu, yana kuma shanye ƙananan tudun walda. Muka haɗa takalmin baya da na gaba da sandar ƙarfe, yadda turin zai bi ta sandar, ba ta jikin tankin taransifomar ba. Yanzu a tara: faranti 2, layi da takalmi 5, katako 1.2. Santimita 8.2 ke nan. Abin da ya rage tsakanin murfin taransifoma da linta santimita 3.8.

Ɗagawa. Jak ba ya shiga ko'ina sai wuraren da masana'anta ta tanada, waɗansu kunnuwan ƙarfe masu kauri a kusurwoyin tankin. Wanda ya sa jak a ƙarƙashin bututu ko bakin farantin gindi zai lotsa tanki ko ya tsaga walda, kuma yoyon ba zai bayyana ba sai an mayar da mai. Mun yi amfani da jak huɗu masu tan 50, don ƙa'idar da muke bi ita ce kada a wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin da aka rubuta a jikin jak. Ɓangare ɗaya muke ɗagawa a lokaci guda, jak biyu a kan tiyo ɗaya don man ya raba nauyin daidai a tsakaninsu, ɗayan ɓangaren yana zaune daram a kan katako. Santimita 2 zuwa 3 a kowane hawa, katako yana bin kayan a baya, yadda ko tiyo ya fashe faɗuwar ba za ta wuce kaurin yatsa ba. Babu hannun da ke shiga ƙarƙashi. Da sanda mai ƙugiya ake tura katako da takalmi, da ita ake jawo su. Da yake kayan a kan katakai masu tsayi yake, yawancin aikin namu saukewa ne, kuma saukewa ta fi ɗagawa haɗari, domin a ɗagawa famfo ne ke iko, a saukewa kuwa nauyi ne. Ana buɗe bawul kaɗan-kaɗan, ana zare katako ɗaya bayan ɗaya, har gindin ya zauna a kan takalman. Da ya zauna muka bi kowane takalmi muna bugun filawud ɗin da guduma. Wanda ke ɗauke da nauyi yana amsawa da ƙara mai tauri, wanda ke sako-sako yana motsi. Ɗaya ya yi motsi, muka sake ɗagawa muka ƙara masa ciko na milimita 3.

Kafin turi na farko akwai lissafin da nake roƙon duk mai wannan sana'a kada ya tsallake. Kowace silinda tamu fuskar fistin ɗinta murabba'in santimita 33 ce, biyu 66. Idan turjiya kashi 10 ce, ana buƙatar ƙarfin tan 6, gejin matsin mai zai nuna wajen bar 90 (bar shi ne ma'aunin matsi). Tashin farko ya fi tafiya wuya, domin kayan da ya zauna yakan manne, don haka muka sa ran kashi 15, tan 9, wajen bar 135. Famfon kuwa yana iya kai bar 700, wanda a kan waɗannan silindu ya haura tan 45. In aka bar shi haka, kuma wani abu ya tare hanya, famfon ba zai tsaya ba. Zai ci gaba da turi har haƙori ya karye, ko layi ya tashi, ko takalmi ya fizge daga ƙarƙashin kaya. Sai muka sauke bawul ɗin kariya zuwa bar 200. Duk abin da ya ƙi motsi a bar 200, matsala ce ke riƙe da shi, ba ƙarancin ƙarfi ba, kuma dubawa ake yi.

Mun miƙe silindun mun tsuke su sau uku babu kaya don iskar da ke ciki ta fita. Iska a cikin mai kamar sifirin take: famfo yana matsa ta, kaya yana tsaye, sai kwatsam ya yi tsalle gaba ya sake tsayawa. Tiyo mai tsawo fiye da kima ma yana kawo irin wannan fizgar. Muka bi kowace mahaɗar tiyo muka tabbatar ta ɗauru har ƙarshe. Mahaɗar da ta rage zare biyu tana toshe hanyar komawar mai, kuma a silinda mai turi da ja wannan yana tara matsi a ɓangaren sanda fiye da abin da geji ke nunawa, har ya iya fasa ta.

Mutum shida ne a kan aikin. Ɗaya a famfo, idonsa a kan geji biyu, ba ya kallon komai sai su. Ɗaya a kowane layi yana tafe da takalmin gaba. Ɗaya a kan tsani yana duban tsakanin murfi da linta. Biyu suna kwaso layin da aka wuce suna kai shi gaba. Umarnin tafiya daga bakin mutum ɗaya yake fitowa, amma "tsaya" kowa yana da ikon faɗa, kuma mai famfo ba ya tambayar dalili sai ya saki hannu. Inda kayan ya kare mutane daga ganin juna, oba-oba ce ke aiki. Babu mai tsayawa tsakanin kaya da bango, ko a gaban kaya cikin ƙofa, ko a bayan silinda daidai saitin haƙorinta.

Allurar geji ta hau a hankali, 60, 90, 120, a 130 aka ji ɗan ƙaran "ƙas" daga ƙasa, allurar ta faɗo 85, kayan ya fara tafiya. Ba ya ƙara, ba ya girgiza. In ba ka sa ido a kan alamar alli ba, ba za ka ce yana motsi ba. Kowane turi santimita 60 ne, mita 14 ta kama turi 24. Bayan kowane turi masu layi suna auna inda takalminsu ya tsaya da tef su faɗa da ƙarfi. Bambancin da muka yarda da shi tsakanin hagu da dama santimita 1 ne. Da ya kai haka sai a rufe bawul ɗin wanda ya yi gaba, a taɓa na baya shi kaɗai har su daidaita. In aka bar karkata ta taru, takalmi yana fara cin gefen layi, geji ya hau, kuma gyaran karkatar santimita 5 ya fi na santimita 1 wuya nesa ba kusa ba.

Faifan da ke gaba a rufe suke da leda har sai takalmi ya kusa, sannan a yaye, a share da busasshen tsumma mai tsabta. Mutane suna son shafa giris, suna ganin taimako ne. Giris yana kama ƙura ya zama kamar sandfefa, sannan yana rage turjiyar zuwa inda ba a yi lissafi da ita ba, wato yana cire birkin. In masu ƙera faifan ba su ce a shafa wani abu ba, a bar shi a bushe. A mahaɗar layi kuma a shafa yatsa tun kafin kaya ya iso: in guntun gaba ya ɗara na baya tudu ko da milimita 2 ne, bakin takalmi zai daki gefen faifai ya ɓare Teflon ɗin kamar ɓawon rogo. Gara na gaba ya yi ƙasa da kaɗan da ya yi sama.

Ƙofar muka wuce da turi rabi-rabi, na kan tsani yana kiran adadi. Mafi ƙanƙantar sarari da ya gani santimita 3 ne, a kan wani kunnen ɗagawa da ya ɗara murfin tudu. Kyakkyawar al'ada ce a auna kayan da kansa daga wuri mafi tsayi, kada a dogara da zane kaɗai, domin zane ba ya nuna noti ko kunnen da aka ƙara daga baya.

A turi na tara gejin hagu ya tashi daga 85 zuwa 150 cikin ɗan lokaci, na dama bai motsa ba. Aka tsaya. Abubuwa uku ke kawo haka: karkata, kwari a ƙarƙashin layi, ko datti. Tef ya nuna babu karkata, lebur ya nuna layin a miƙe. Sai muka sa jak a wannan kusurwar, muka ɗaga santimita 1, muka tokare da katako, muka zaro takalmin da sanda. Guntun sandar walda ne, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ya nutse cikin Teflon, kansa a waje, ya ja zane mai tsawon hannu a ƙarfen takalmin. Teflon yana da taushi, ba ya ture datti, haɗiye shi yake yi ya riƙe shi kamar haƙorin zarto. Muka canza faifan, muka goge zanen da sandfefa mai laushi har farce ya daina kamawa, muka mayar. Minti arba'in ya ci. Da bawul ɗin yana bar 700, kuma ba mai kallon geji, da an ja takalmin da wannan guntun ƙarfe ya zane a kan kowane faifai da ke gaba an yanka su duka.

A kan kwatar wayoyi muka rage gudu, mutum ɗaya ya tsuguna daga gefe da fitila yana duban katakan. Sun yi ƙara sau ɗaya lokacin da takalmin nauyi ya hau, suka zauna, geji ya ɗaga zuwa 100 ya dawo.

Dare ya same mu a ƙarshen mita 14. Ba mu bar kayan a kan faifai ba. Teflon yana malala a hankali idan nauyi ya daɗe a kansa, ya baje ta gefe, kuma da safe tashin farko zai fi na jiya wuya. Muka ɗaga muka ɗora a kan katako, muka sauke matsin tiyo duka, muka duba gejin busasshiyar iskar da aka cika tankin da ita don kada danshi ya shiga, yana nan sama da sifiri.

Tafiyar kaikaice ita ce ta fi koyar da mutum. Ba juya taransifomar muka yi ba, layin muka juya: tana kan katako, muka zare ƙarafan, muka shimfiɗa su a gicciye, ɗaya a ƙarƙashin kowane ɓangare. Yanzu layukan ba nauyi ɗaya suke ɗauka ba, ɗaya tan 36, ɗaya tan 24. A turjiyar kashi 10, silindar ɓangaren nauyi tana neman wajen bar 107, ɗayar wajen bar 71. Mai kuwa hanya mai sauƙi yake bi. In silindu biyun suna shan mai daga tiyo ɗaya da aka raba, marar nauyin zai tafi tun matsi yana 71, mai nauyin yana tsaye, kayan ya murɗe a kan layi. Maganinsa famfo mai mafita biyu da ke ba kowace silinda mai daidai wa daida ko da nauyinsu ya bambanta, ko kuma bawul daban a kan kowane tiyo, a riƙa shaƙe na marar nauyi. Namu famfon mai mafita biyu ne, duk da haka muka rage turi zuwa santimita 20, ana aunawa bayan kowanne. A wannan tafiyar bambancin geji biyu ba alamar matsala ba ce. Da sun nuna adadi ɗaya, da shi ne abin tsoro.

Gangara ma a nan ta shigo. Daɓen kusa da mazaunin an karkata shi kaɗan zuwa ramin tara mai, santimita 1 a kowace mita. A kan tan 60 wannan ƙarfin kilo 600 ne yana jan kayan gaba, ƙasa ƙwarai da tan 3 da ko mafi santsin Teflon ɗinmu ke buƙata, don haka ba zai tafi da kansa ba. Duk da haka muka daidaita layin da ciko ya koma lebur, muka ɗaure ƙarfen tsayawa a ƙarshen kowane layi. Haƙorin silinda ta fuska ɗaya yake riƙo. Yana hana gindinta komawa baya, ba ya hana kaya gudu gaba. Inda gangarar ta fi haka, sai an ɗaura sarƙa ko winci a baya ana saki kaɗan-kaɗan.

Wani abu game da tiyo, don na ga ana wasa da shi. In ana zargin yoyo, kwali ake karawa, ba a shafawa da hannu ko da safar hannu. Man da ke fita ta ƙaramar huda a irin wannan matsi yana huda fata ya shiga nama. Waje zai nuna ɗan tabo kamar na allura, ciki kuwa nama yana mutuwa, kuma aikin tiyata ne na gaggawa, ba na jira a ga yadda za ta kasance ba. Haka nan wutar walda ko ta yanka ba ta kusantar faifai. Teflon da ya yi zafi sosai yana fitar da hayaƙi mai cutarwa, UHMW kuma yana narkewa a wajen digiri 130.

Santimita 30 na ƙarshe muka yi su da taɓi-taɓi. An riga an ja layin tsakiya a kan mazaunin, an kuma yi alama a gindin tankin ta fuska huɗu, muka rataya igiya mai dalma a kowace alama. Gara a tsaya saura milimita 5 a ƙara, da a wuce, domin komawa baya na nufin juya haƙoran silinda, kuma ɓangaren ja ya fi na turi rauni saboda sanda ta cinye wani sashe na fuskar fistin. Da dalma huɗun suka zauna a kan layi, muka sa jak, muka ɗaga santimita 1 sama da takalma, muka tokare, muka zare takalma da layi da faranti ta gefe. Daga nan saukewa ce ta santimita 9, ɓangare bayan ɓangare, ana rage ciko santimita 2 a kowane zagaye, na ƙarshe da siraran ƙarafa don katako ba ya shiga wurin. Kunnuwan jak na taransifoma suna sama da gindi, shi ya sa jak ke fita bayan ta zauna. Injin da ba shi da irin waɗannan kunnuwan sai an nemo jak mai harshe, wanda ke zura siririn baki ƙarƙashin kaya, kuma a tanadi gurbin da harshen zai fita tun kafin a fara saukewa.

Da ta zauna muka sake auna lebur a kusurwa huɗu, muka duba na'urar da masana'anta ta liƙa a jikin tankin mai rubuta duk wata girgiza, ba ta nuna wani sabon bugu ba. Faifan kuma muka bi su ɗaya-ɗaya kafin a mayar da su akwati. Wanda Teflon ɗinsa ya ɗago a gefe, ko ya baje ya wuce farantinsa, ko farce ya ji tsakuwa a cikinsa, an ware shi. Guda uku muka ware, har da na turi na tara. Sauran aka wanke da ruwan sabulu, aka shanya, aka jera su fuska da fuska da takarda a tsakani, takalman kuma aka kife su a kan katako, ƙarfen mai sheƙi ba ya taɓa ƙasa.